Maganin Ƙwari Wanda Ba Ya Aiki Sai Rana Ta Taɓa Shi

Daga Malamin Gona, Mai'adua

Abu biyu ne mu ke samu a ƙasar Daura ba tare da mun biya ko anini ba, watau rana da sauro. Rana muna da ita tun daga kaka har bazara, har mu kan yi kuka da yawanta. Sauro kuwa baƙon damina ne wanda ba a gayyata, ya kan sauka daidai lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. A makon nan ina so in ba ku labarin wata dabara wadda masu ilmi su ke gwadawa a ƙasashe dabam dabam, ta haɗa waɗannan biyu faɗa, a sa rana ta kashe sauro tun yana tsutsa a cikin ruwa, da waɗansu ƙwari kuma masu ɓarna. Zan faɗi yadda abin ya ke, da inda zai yi mana amfani, da inda ba zai yi ba, don kada ranar da ya iso kasuwa wani ya sayar mana da abin da ba shi ne ba.

Hasarar Da Sauro Ke Jawo Wa Manomi

Wani zai ce me ya haɗa malamin gona da sauro, ai wannan aikin likita ne. To, a duba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama mutane a nan, daga watan Agusta ne zuwa Oktoba. Lokacin ke nan da a ke ƙarasa maimai, a ke yankan gero, a ke shirin cirar gyaɗa da roron wake. In maigida ya kwanta kwana 7 a wannan tsakani, haki ba ya jiransa, tsuntsu ma ba ya jiransa. In yaro ne ya kwanta, uwarsa ta bar sana'arta, ubansa ya ɗebi hatsi ya kai kasuwa ran Lahadi ya sayar da araha don kuɗin magani, ko kuwa ya ja tunkiyar da ya ke tattali. Saboda haka sauro ƙwaron gona ne kamar fara, sai dai shi ba ganye ya ke ci ba, ƙarfin mai noma ya ke ci. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ko waɗanne mutum 4 da wannan zazzaɓi ya kama a duniya duka, wajen 1 ɗan Nijeriya ne.

An daɗe ana yaƙi da shi da guba, amma sauro ya kan saba. A shekarar 1954 aka fara feshin ɗakuna a ƙasar Birnin Kebbi, ba a yi shekara 2 ba sai aka tarar sauron Ambursa ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan, wanda a ke kira diyeldirin. Daga 1969 zuwa 1976 kuma aka yi wani babban gwaji a ƙasar Garki, wadda ta ke cikin Jihar Jigawa yanzu, aka fesa ɗakunan ƙauyuka da yawa, zazzaɓi ya ragu, amma bai yanke ba. A yau ma masu bincike a jami'o'inmu sun tabbatar sauron ƙasar Hausa ya fara jure wa maganin da a ke sa wa gidan sauro. Wannan shi ya sa a ke neman makami wanda hanyar kisansa dabam ce.

Yadda Aka Gano Shi

Asalin abin a Jamus ne. Wani ɗalibin likita a birnin Munik, sunansa Oscar Raab, yana gwada wani rini a kan waɗansu 'yan halittu na cikin ruwa waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Sai ya ga abin mamaki. Rini iri ɗaya, awo ɗaya, amma wani lokaci halittun su mutu nan da nan, wani lokaci kuwa su daɗe suna yawonsu. Da ya bi diddigi sai ya tarar bambancin haske ne. Kaskon da haske ya samu, abin da ke ciki ya mutu. Wanda ya ke cikin duhu kuwa bai yi kome ba. Haske shi kaɗai kuma, ba rini, bai kashe su ba. Ya buga wannan labari a 1900, malaminsa Hermann von Tappeiner ya ci gaba da bincike har aka gane akwai na uku a cikin sha'anin, watau iska.

Ga misalin da zai sa a gane. Mutanen da in za su kunna wuta sai sun haɗa ƙyastu, da ƙanƙara, da abduga. In babu ɗaya cikin ukun nan ba wuta. To, haka wannan magani ya ke, rini ne, da haske, da wani sashi na iskar da mu ke shaƙa, wanda a ke kira oksijin, shi ne kuma mai raya wuta. Rinin ya kan sha ƙarfin hasken rana, sa'an nan ya miƙa shi ga oksijin ɗin da ke kusa da shi. Oksijin da ya karɓi wannan ƙarfi sai ya zama kamar tartsatsi, ya ƙone abin da ya taɓa. Amma tartsatsin ba ya daɗewa, a cikin ruwa ba ya kai kashi 1 cikin 100,000 na sakan guda ya mutu. Don haka ba ya tafiya ko ina, inda rinin ya ke nan kaɗai ya ke ɓarna.

Yanzu a ɗauki tsutsar sauro. Jikinta garau ya ke, haske yana ratsa shi kamar kwalba. In ta haɗiye rinin tare da abincinta, ya zauna a hanjinta, rana ta fito ta haska ta, sai hanjin ya ƙone daga ciki, ta mutu. Rinin da ya saura a ruwa kuma ita ranar ce ke kashe masa kaifi, cikin 'yan kwanaki ya kan koɗe ya lalace. Wannan babban bambanci ne da irin su DDT, waɗanda su kan shekara da shekaru a cikin ƙasa da kitsen dabbobi.

A lura, ba ko wane rini ne ke wannan aiki ba. Shunin marina ba ya yi, shi ya sa mai rawani baƙi ya ke wuni a rana lafiya lau.

Mun San Shi, Sunansa Ne Ba Mu Sani Ba

Ko da ya ke labarin daga Turai ya fito, aikin ba baƙo ba ne a gonakinmu da garkunanmu. Ga misali 4.

Na fari, lemon tsami. Wanda ya matse shi da yawa ruwan ya zuba masa a hannu, sa'an nan ya shiga rana bai wanke ba, wani lokaci wurin ya kan yi ja, ya yi bororo kamar ƙuna, daga baya ya bar baƙin tabo. Ba tsamin ne ya ƙone shi ba, wani abu ne a cikin lemon wanda rana ke tayarwa.

Na biyu, tumaki. Koren da ke cikin ko wane ganye, wanda masu ilmi ke kira kulorofil, aikinsa ke nan kama hasken rana. In dabba ta ci ciyawa, cikinta ya kan narkar da wannan kore, hanta ta fitar da saura ta hanyar matsarmama. In hantar ta lalace sai sauran ya taru a jini, ya kai fata. Da dabba ta fita rana sai fuska da kunnuwa su kumbura, fata ta tsage, musamman inda gashi fari ne ko ba shi da kauri. A Afirka ta Kudu wannan ciwo ya sha kashe tumaki masu ɗimbin yawa, aka kuwa gano cin tsidau ne ke ɓata musu hanta, tsidau ɗin nan dai mai ƙaya da ke sukar mu a hanyar gona. Makiyayin da ya ga haka ga dabbarsa, abin da zai fara yi shi ne ya shigar da ita inuwa, ya sake mata kiwo, ya kira malamin dabbobi.

Na uku, ciwon ganyen masara mai sa dogayen tabo masu ruwan toka. Naman gwarin da ke kawo shi yana fitar da wani jan dafi wanda ba ya cin ganye sai da haske. Watau tun kafin ɗan Adam ya san dabarar, cuta ta riga shi amfani da ita.

Na huɗu, maganin ciyawan nan farakwat, wanda aka fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone. Duk wanda ya taɓa fesa shi ya san ran da aka yi rana tsaka haki ya kan yi yaushi cikin sa'o'i kaɗan, ran da gari ya lumshe kuwa sai ya yi jinkiri. A nan akwai gargaɗi babba. Farakwat yana bukatar rana kafin ya kashe haki, amma ba ya bukatar rana kafin ya kashe mutum. Kurɓi kaɗan ya isa ya lalata huhu, ba shi kuwa da makari. Hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana shi daga farkon 2024. Saboda haka in an ce magani da rana ya ke aiki, wannan kaɗai bai nuna ba shi da haɗari ba. Ko wanne sai an auna shi a kan kansa.

Gwaje-Gwajen Da Aka Yi

Tun a 1928 wani mai bincike a ƙasar Ajantina ya gwada jan rini a kan tsutsar sauro ya ga tana mutuwa da rana. Amma da aka gano ƙarfin DDT a 1939 hankalin duniya ya koma can, aka jingine wannan hanya shekaru masu yawa. Sai da ƙwari suka fara jure wa guba aka tuna da ita.

A Amurka an yi amfani da wani jan rini, irin wanda a ke sa wa kayan zaƙi, don kashe tsutsar ƙuda a kashin kaji a manyan gidajen kiwo. A shekarun 1990 kuma suka gwada wani ɗan'uwansa, wanda a ke sa wa jan baki na mata, a kan ƙudan da ke sa 'ya'yan itatuwa tsutsa. Su kan dama shi da abin zaƙi su yayyafa a ganye, ƙuda ya lasa, rana ta gama da shi. Daga baya wani magani dabam, sifinosad, ya fi karɓuwa a wannan aiki. Amma dabarar ta cancanci masu mangwaro su sani, gama wani mugun ƙudan 'ya'yan itace na Asiya ya shigo Afirka ta Kenya a 2003, yanzu kuwa ya game Afirka ta Yamma.

A Kanada, wajen 1981, aka tarar wani abu da ke cikin saiwar furen nan marigol, mai ruwan ɗorawa da ƙarfin wari wanda a ke shukawa don ado, yana kashe tsutsar sauro ƙwarai in da rana, a duhu kuwa ƙarfinsa kaɗan ne.

A Masar masu ilmi na birnin Alƙahira suka ɗauki koren ganye kansa, suka sarrafa shi ya zama gari mai bin ruwa, suka gwada a kududdufai a Sudan, da Habasha, da Yuganda, suka ba da labari cewa tsutsar sauro ta mutu ƙwarai. A Indiya kuma an gwada irin wannan kore, wanda aka cire daga wani ganyen miya, a kan dodon koɗin da ke raino tsutsar hantar shanu.

Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne na Burkina Faso. Masana na Jami'ar Faduwa ta ƙasar Italiya da na birnin Bobo Julaso suka ɗauki wani rini mai suna fofirin, wanda ɗan'uwan jan da ke cikin jininmu ne. Suka haɗa shi da garin abincin da tsutsa ke so, suka ba 'ya'yan sauron zazzaɓi na ƙasar, suka sa a rana, tsutsa ta mutu. An buga sakamakon a 2012. Wannan ya shafe mu, domin sauron can da na nan dangi ɗaya ne, rana ma kusan ɗaya.

Duk da haka yawancin wannan aiki yana matakin gwaji ne. Magungunan tsutsar sauro da hukumomin lafiya suka saba amfani da su har wa yau su ne irin su temefos, da wani da a ke samu daga ƙwayar halittar ƙasa, wanda a ke kira Bti.

Inda Zai Dace Da Mu

Halin sauron zazzaɓi ya dace da wannan magani kamar an auna. Macen ta kan zuba ƙwai 50 zuwa 200 a tashi ɗaya. Ba ta son ruwa mai zurfi ko mai gudu, ta fi son ɗan ruwan da ya kwanta a fili rana na dukansa, kamar sawun kofaton shanu a bakin tafki, da sawun taya, da ramin da aka haƙa ƙasar gini. Tsutsarta kuma ba ta rataya da kai ƙasa kamar ta sauron kwata, kwanciya ta ke yi a miƙe a fuskar ruwa, tana tsintar abin da ke yawo a sama. Watau tana zaune daidai inda haske ya fi ƙarfi, tana kuma cin duk garin da aka barbaɗa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, da zafi irin namu, kwana 7 ne zuwa 10.

Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashe tsutsa ba ya biyan wahalarsa sai inda wuraren ruwan kaɗan ne, ba su canja wuri, ana kuma iya gano su. A tsakiyar damina ba haka mu ke ba, ko ina ruwa ne, ba mai iya bin sawun ko wace saniya. Da rani ne sharaɗin ke cika. A lokacin nan ruwan da ya rage a ƙasar Mai'adua yaro ma ya iya ƙidaya shi: gefen madatsar Sabke da hanyoyin ban ruwanta, da ramukan ajiyar ruwa na masu lambu, da tsofaffin kududdufai, da inda a ke buga bulo, da kwatamin shayar da dabbobi a bakin rijiya da a kara, da ruwan da ke malala a gindin famfo. A irin waɗannan wurare ne sauro ke iya ci gaba da haihuwa har damina ta same shi. Lokacin kuwa shi ne rana ta fi ƙarfi. In za a gwada wannan magani a ƙasarmu, nan ya kamata a fara.

Akwai kuma dodon koɗi. Shi ne masaukin tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, wani irinsa kuma shi ne na tsutsar hanta wadda ke ramar da shanu da tumaki, ta sa mahauta su zubar da hanta. Ko ina aka tare ruwa don noman rani ya kan yawaita. In gwajin Indiya ya tabbata a tafkuna, masu kiwo da fataken dabbobi za su amfana ƙwarai.

Inda Ba Zai Yi Ba

Sirrin maganin shi ne iyakarsa. Inda haske bai kai ba, ba aiki.

Ba zai kashe ƙwaron wake ko na hatsi a cikin rumbu ko buhu ba, domin can duhu ne, ƙwaron kuma yana cikin ƙwaya. 'Yan kasuwa su riƙe wannan da kyau. Shanya wake a rana abu ne dabam, nan zafi ne ke kisa, ba rini ba.

Ba zai kai ga tsutsar da ke cikin karan dawa da gero ba, ko wadda ta shige cikin 'ya'yan tumatir. Ƙwaro mai baƙin ɓawo mai tauri ma haske ba ya ratsa shi da sauƙi.

Ba ya taɓa babban sauron da ya riga ya tashi. Wanda ya ce a bar gidan sauro saboda an zuba magani a kududdufi, ya yaudari jama'a.

Ruwan da ya yi kauri da laka ko gansakuka, ko wanda ganyen bado ya rufe, yana rage masa ƙarfi. Haka ran da hadari ya rufe, ko hazon hunturu ya yi yawa. Tun da rana ke lalata shi kuma, tilas a riƙa sake zubawa, wannan kuwa kuɗi ne da ƙafa.

Waɗansu su kan ce ƙwari ba su iya sabawa da shi, don yana ƙone wurare da yawa a jiki gaba ɗaya. Gaskiya ne sabon ya fi wuya, amma ba a ce ba ya yiwuwa ba. A Amurka an yi ta ba ƙudaje jan rinin nan a ɗakin gwaji, 'ya'ya bayan iyaye, har aka sami zuriyar da ke jure masa.

Sa'an nan ruwan da sauro ke haihuwa a ciki, sau da yawa shi ne dabbobi ke sha, yara ke wanka, kifi da kwaɗi ke zaune. Masu gwaji sun ce irin na koren ganye da sauƙi ga waɗannan, amma 'ya'yan kifi da talibambam su ma jikinsu garau ya ke. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, a ruwanmu kuma, a gaban ma'aikatan lafiya da na dabbobi.

Abin Da Za Mu Yi Yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko wane irin maganin tsutsa aka kawo, sabo ko tsoho, ba zai yi amfani ba sai an san inda za a zuba shi. Ga shawarata.

1. Da an gama kaka, masu unguwanni, da sarkin noma, da shugabannin masu lambu su zaga su ƙidaya duk wurin da ruwa ke kwana 7 bai bushe ba. Malamin da ya iya rubutu ya rubuta sunan wurin, da mai shi, da watan da ya ke ƙafewa. A kai takardar ga ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma.

2. Gane tsutsa ba wuya. A ɗebi ruwa daga gefe da farin kwano ko ludayi, a tsaya shiru. Wadda ta kwanta a miƙe a fuskar ruwa ita ce ta sauron zazzaɓi. Wadda ta rataya da kai ƙasa ta wani sauro ce dabam.

3. Ramin da ba a bukata a cike shi. Wanda ya haƙa don gini ya mayar da ƙasa. A yi wa gindin famfo da bakin rijiya magudana zuwa ramin da aka cika da tsakuwa, ko zuwa gindin itace.

4. Kwatamin dabbobi, da randa, da duro, da ramin ban ruwa, a kwashe su ƙaf sau ɗaya ko wane mako, a goge, a bar su su sha rana. Tsutsar da ba ta sami kwana 7 a ruwa ba da wuya ta zama sauro. Wannan maganin rana ne wanda ba a saye.

5. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, musamman yara da mata masu ciki. In masu rabon maganin rigakafi na damina sun zo, a ba yara ko wane zagaye har ƙarshe. A Jihar Katsina aka fara wannan rabo tun 2013.

6. Kada kowa ya sayi rini, ko na tufafi ko na abinci, ya zuba a rijiya ko tafki da sunan gwaji. Wanda ya zo da kwalba ya ce ga maganin rana, a nemi lambar NAFDAC da takardar bayani. In babu, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

7. Masu ajiyar wake su bar zuba masa fiya-fiya. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya a 2015. A shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun PICS mai riɓi 3, ko a duro mai murfi, a ɗaure iska ba ta shiga. Ƙwaro zai mutu da kansa, ba a sa wa kowa guba a tukunya ba. An gwada wannan buhu ƙwarai a ƙasar Maraɗi, manoma kuwa sun karɓe shi.

8. Mai lambun da tumatirinsa ke yaushi, in ya tuge ya ga saiwa ta yi ƙulli ƙulli, wata 'yar tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani. Ya cika fangalin da furen marigol, ya bar shi wata 2 zuwa 3, sa'an nan ya nome ya dasa tumatir. Abin nan na cikin saiwarsa yana rage tsutsar, a nan kuwa saiwar ce da kanta ke tayar da shi, ba rana ba. Jefa fure ɗai ɗai a tsakanin kunya ba ya isa. A fara da fangali 1 ko 2, a gwada da na kusa da su.

Kira Ga Masu Ilminmu

Kayan wannan magani ba su gagare mu ba. Ganye muna da shi, rana kuwa sai dai mu ba wani. Abin da ya rage shi ne masu bincike na Samaru, da na Jami'ar Bayero, da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, su ɗauki 'yan kududdufai a ƙasa irin tamu da rani, su zuba a waɗansu su bar waɗansu, su ƙidaya tsutsa ko wane mako, su duba kifi da dabbobi, su lissafa kuɗin da ya ci. Sa'an nan su faɗa mana gaskiyar abin da suka gani, ko ya yi ko bai yi ba. Sauro ba ya tsayawa a Kwangwalam a duba masa takarda, don haka in an haɗa kai da 'yan'uwanmu na Damagaram ya fi.

Kafin nan, takardar ƙidayar ruwan nan ta hannunmu ce, ba ta jiran kowa. Garin da ya riga ya san ramukansa shi za a fara kai wa magani ran da ya samu, in ma bai samu ba ya rage wa kansa sauro. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gyaran rumbu kafin a zuba sabon hatsi. Allah ya ba mu lafiya da amfani mai albarka, amin.